DARASIN WATA: Wasa da Buɗewar Bakin Yaro Mai Jinkirin Fahimta

A kusan kowane ƙauye akwai gidan da ke da yaron da bakinsa ya daɗe bai buɗe ba. Tsaransa suna ta surutu, har ana aikensu sayen gishiri. Shi kuwa ya shekara uku ko huɗu, amma kalmominsa ba su fi biyar ba. Ya yi jinkirin zama, ya yi jinkirin rarrafe, ya yi jinkirin tafiya. In an nuna masa abu, sai an maimaita sau da yawa kafin ya kama. Malaman lafiya suna kiran irin wannan yaro mai jinkirin fahimta. Darasin wannan wata a kansa yake.

Iyayen irin wannan yaro ba su ƙi shi ba. Suna ciyar da shi, suna yi masa wanka, suna kashe kuɗi wajen neman magani. Amma sau da yawa da an gama wanka sai a shimfiɗa masa tabarma a gindin bango, kowa ya kama sabgarsa. Ba mai yi masa magana, don an ce ai ba ya ganewa. Yara ba sa jansa wasa, don ba ya iya binsu da gudu. In baƙi sun zo, wani lokaci a tura shi ɗaki. Ta haka sai ya yi asara biyu. Ga jinkirin da ya zo da shi, ga kuma rashin abokin magana. Asara ta biyun nan a hannun mutanen gida take, kuma gyaranta ba ya cin ko kwabo.

Daga ina jinkirin yake zuwa?

Dalilan suna da yawa. Wani tun yana ciki abin ya same shi, alal misali in uwa ta rasa sinadarin aidin a abincinta. Rashin aidin shi ne yake kawo wa manya maƙoƙo, yana kuma taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Shi ya sa tun 1993 gwamnatin Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishirin da ake sayarwa. Wani kuma wajen haihuwa ne, in naƙuda ta yi tsawo, jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba. Wani shawara ce ta kama shi a kwanakin farko, idonsa da jikinsa suka yi rawaya, ba a kai shi asibiti ba. Akwai sanƙarau, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga, da tamowa. Akwai gubar dalma. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Wasu da suka rayu kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Akwai wanda da haka aka haife shi. Misali shi ne abin da likitoci suke kira lalurar Down, wadda aka sa wa sunan likitan Ingila da ya yi bayaninta a 1866. Cikin jarirai 1,000 akan sami kamar guda ɗaya mai ita. Ana gane su da laushin jiki, da idanu masu ɗan karkata sama, da harshe mai yawan leƙowa waje. Ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba ne. Ana haifarsu a gidan sarki, ana haifarsu a gidan talaka.

A wasu wurare ana ce wa yaro mai laushin jiki ɗan ruwa, a riƙa jin tsoronsa. Wannan camfi ne. Ɗan mutum ne, jikan mutum. Kuma yana jin zafin suna irin su dolo ko gaula tun kafin ya iya faɗa da bakinsa.

Dokin kara

Kowa ya san dokin kara. Yaro ya sami karan dawa, ya sa shi tsakanin ƙafafu, ya yi ta sukuwa a tsakar gida yana haniniya. Ya san sarai kara ne. Amma ya yarda kara ya tsaya a madadin doki. Manya suna gani su wuce, su ce shiririta ce. Ashe babban aiki ne ƙwaƙwalwa take yi.

Kalma ma haka take. Kalmar "doki" ba ta da ƙafa, ba ta cin harawa. Sauti ne kawai da mutane suka yarda ya tsaya a madadin dabbar. Ɗalibin ajin yaƙi da jahilci ya fi kowa sanin wannan. Shi ma sai da ya yarda cewa zanen "b" da ke kan allo yana tsaye a madadin wani sauti, sannan karatu ya zauna masa. To, yaron da ya iya mai da kara doki ya riga ya taka matakin da magana take bukata. Wani masanin tarbiyyar yara na Tarayyar Sobiyet mai suna Lev Vygotsky ya yi bayanin haka a wata lacca a 1933. Abin sha'awa, misalin da ya kawo shi ne na yaron da ya mai da sanda doki.

Wasa yana da matakai, magana ma tana da matakai, kuma kusan tare suke tafiya. Da farko jariri yana kama duk abin da ya samu ya kai baki, ko ya buga da ƙasa. A wannan lokaci gwaranci yake yi, "ba-ba-ba", "ma-ma-ma". Wajen wata tara zuwa shekara guda sai ya fara neman abin da aka ɓoye masa a ƙarƙashin zane. Yana zuba kaya a ƙoƙo ya juye, yana miƙa wa mutum abu ya karɓe, yana nuni da yatsa. Da ya ɗan wuce shekara sai ya ɗauki kofi wanda ba komai a ciki ya kai baki kamar yana sha. A daidai wannan lokaci ne kalmomin farko suke fitowa. Wajen shekara ɗaya da rabi sai ya ba 'yar tsana ruwa, ko yarinya ta goya totuwar masara. Wajen shekara biyu sai wasan ya yi tsawo: a dafa tuwon ƙasa, a ba 'yar tsana, a kwantar da ita. Da yaro ya fara haɗa aiki biyu a wasa, ba a daɗewa sai a ji ya haɗa kalma biyu a baki: "Inna zo", "ba ni".

Masana sun zauna sun kalli wasan yara masu lalurar Down. Abin da suka gani shi ne, hanyar nan ɗaya suke bi, mataki bayan mataki, sai dai tafiyarsu a hankali take. Wanda ya fi nisa a wasan kwaikwayo shi ne yawanci ya fi nisa a fahimta. Saboda haka, in ana so a san inda za a fara da yaro, kada a tsaya ga shekarunsa. A zauna a kalli yadda yake wasa. Ɗan shekara huɗu da har yanzu buga abu da ƙasa kawai yake yi, ba a fara shi da dokin kara. Wasan ɓoye abu a ƙarƙashin zane ya dace da shi, da wasan karɓa da miƙawa. In aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa zai yi kuka ya juya baya, mutanen gida su ce ai dama ba ya ganewa.

Abin da aka gwada a Jamaika

Wani zai ce, in wasa magani ne, ina shaida? A 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na birnin Kingston a ƙasar Jamaika, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun zaɓi yara 129. Shekarunsu daga wata 9 zuwa wata 24 ne. Dukansu sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, kuma sun faɗo baya a fahimta. Aka raba su kashi huɗu. Kashi na farko aka riƙa ba su madara kowane mako. Kashi na biyu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako, ta yi awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta. Kashi na uku suka sami duka biyu. Kashi na huɗu kulawar asibiti kawai suka samu. Kayan wasan ma ba na kanti ba ne, da tarkacen gida aka haɗa su.

Bayan shekara biyu, madara ta yi amfani, wasa ma ya yi amfani, waɗanda suka sami duka biyu suka fi kowa. Amma da yaran suka girma sai amfanin madarar ya dushe, na wasan ya tsaya. Aka sake nemo su bayan shekara 20. Rahoton da ya fito a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100. Waɗannan yara tamowa ce ta ja su baya, kuma kowace lalura da irin nata nauyin. Duk da haka darasin a fili yake. Iyayen ba masu kuɗi ba ne, ba masu zurfin ilmi ba ne. An dai nuna musu hanya ne kawai.

Yadda ake wasan

Abu na farko, babba ya sauko ƙasa. A zauna a tabarma ɗaya, fuska da fuska, yadda yaro zai ga bakin mai magana. Maganar da ake jefowa daga bakin murhu ko daga bayansa, yawancinta wucewa take yi.

Sai a bar shi ya ja gaba. In ludayi ya ɗauka, to ludayi ne darasin yau. Alal misali, ya buga ludayi a ƙoƙo. Kakarsa ta ɗauki nata ta buga, ta ce, "Bum!" Sai ta tsaya. Ya dube ta, ya sake bugawa. Ta sake bugawa, ta ce, "Bum! Ludayi." Wannan hira ce, ko da bai furta komai ba. Yana koyon cewa in ya yi, za a amsa masa, in an yi masa, shi ma zai amsa. Duk wata hira ta duniya a kan wannan aka gina ta.

A nan ne manya suka fi yin kuskure, wato rashin jira. Babba ya yi tambaya, kafin yaro ya haɗa amsa har ya amsa wa kansa, ya wuce zuwa wata. Yaro mai jinkirin fahimta yana bukatar lokaci kafin magana ta shiga, ya juya ta, ya nemo abin da zai mayar. In an yi masa magana, a ƙirga ɗaya zuwa goma a zuci, ana dubansa, ana jira. Goman nan tana da tsawo ga mai gaggawa. Amma sau da yawa a wajen bakwai ko takwas ne za a ga ya ɗaga hannu, ko ya motsa baki. Amsa ke nan, sai a karɓa da fara'a.

Magana ta zama gajera. Ga wanda bai fara furuci ba, kalma ɗaya ta isa: "Ruwa." "Zauna." "Faɗi!" Ga mai faɗar kalma ɗaya, sai a ƙara masa ɗaya a kai. In ya ce "mota", a ce "mota babba", ko "mota ta tafi". In ya ce "luwa", kada a ce masa ba haka ba ne, kada kuma a yi masa dariya. A ce, "E, ruwa. Ga ruwa." Ya ji daidai, kuma ba a kunyata shi ba. Haka nan a rage tsare shi a gaban baƙi ana cewa, "Ce Baba! Ce Inna!" Wannan jarrabawa ce, kuma tana sa yaro ya ƙara kulle baki.

Kalma tana bukatar maimaici, kuma ayyukan gida cike suke da shi. Wanka kullum ne: "Hannu. Wanke hannu. Ƙafa. Wanke ƙafa." Cin abinci kullum ne, sa riga kullum ne. Uwar da ke daka tana iya ba shi ƙaramin ƙoƙo da guntun kara ya yi nasa dakan kusa da ita. Ba sai an ware wuni ba. Minti goma da safe, minti goma da yamma, in ana yi kullum, sun fi awa biyu a yi sau ɗaya a wata.

Wata dabara kuma ita ce a bar shi ya nema. Don tausayi, akan miƙa wa irin wannan yaro komai tun bai tambaya ba. To, me zai sa ya yi magana? A riƙe kofi biyu a gabansa a ce, "Kunu ko ruwa?" A jira. In ya nuna da yatsa, a ba shi, a faɗi sunan abin. In ana yi masa wasan da yake so, kamar cilla shi sama ko cakulkuli, a tsaya a tsakiya a jira ya nuna yana son ƙari. Ba a ce a hana shi har ya yi kuka ba. Ɗan jinkiri kaɗan ake nufi.

Nuni da hannu ba abin tsoro ba ne. Wasu iyaye suna hana yaro nuni, wai kada ya saba ya ƙi magana. Bincike ya nuna nuni ba ya hana magana, hasali ma yana share mata hanya. A haɗa alama da kalma: hannu zuwa baki tare da "ci", ɗaga hannu tare da "sai an jima". Yaron da yake da hanyar faɗar bukatarsa, ko da da hannu ne, ya fi rage kuka da cizo da jifa.

Kayan wasa kuwa suna nan zube a gida: gwangwanin madara da aka daddaƙe bakinsa, murfin tukunya, faifai, tsumma da aka ɗaure ya zama 'yar tsana, totuwa, kara. Sai dai a kula. Irin wannan yaro yana daɗewa yana kai abu baki. A nisanta shi da tsakuwa, da ƙwayar gyaɗa, da tsabar kuɗi, da tsohon batir. Kada a bar shi shi kaɗai kusa da bokitin ruwa ko murhu.

Wa zai yi?

A al'ada uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Al'ada ce mai nuna kawaici. Amma in ɗan farin yana da jinkirin fahimta, bai kamata kunya ta rufe masa baki ba. Uwa tana iya yi masa hirarta a cikin ɗaki, surukai kuma su ƙarfafa mata guiwa maimakon su yi mata gori. Al'adar ma ta tanadi mafita, domin tsakanin kaka da jika akwai wasa. Tsohuwar da ke tsokanar jikanta tana ce masa "maigidana", ko tsohon da ke ce wa jikarsa "amaryata", sun riga sun iya aikin. Suna da lokaci, suna da haƙuri. A bar musu shi, a gaya musu maganar jira da ƙirga goma.

Yayye ma malamai ne. A ja kunnensu su ba shi matsayi a wasansu. In ana tuwon ƙasa, shi ne mai saye. In 'yan mata suna gaɗa, ya zauna a tsakiya yana tafi. Waƙa tana shiga kunnen yaro da sauƙi, musamman mai amshi gajere da ake ta maimaitawa. In an rera an zo wurin amshi, a yi shiru a ga ko zai cike.

Uba kuma kada ya ce wannan aikin mata ne. In zai ba dabbobi abinci ya tafi da shi. Kukan akuya da na zakara suna cikin sautukan da yara suka fi saurin kwaikwayo. Yaron da ya ga akuya ya ce "mee" ya faɗi kalma, a ƙirga masa ita.

Wayar hannu ba ta cikin masu wannan aiki. Tana magana, amma ba ta jira, ba ta amsawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin. Daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa guda a rana.

A duba kunne

Wasa ba ya hana zuwa asibiti. Akwai yaran da ake ɗauka ba sa ganewa, alhali ji ne ba sa yi. A tsaya a bayan yaro inda ba ya gani, a kira shi a hankali, ko a kaɗa gwangwani. In bai waiwayo ba, ko kunnensa yana fitar da mugunya, ko ya taɓa yin sanƙarau, a kai shi a auna masa ji. Yara masu lalurar Down da yawa suna da matsalar kunne, kuma wata ana iya maganinta. In an tabbatar kurma ne, akwai makarantun da ke koyar da maganar hannu, irin ta Tudun Maliki a Kano.

A nemi malaman asibiti in yaro ya shekara ba ya gwaranci kuma ba ya nuni da yatsa. Haka in ya kai shekara ɗaya da rabi ba kalma ko ɗaya, ko ya wuce shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba. Wanda ya fara magana ya daina, ko yake farfaɗiya, shi ba a jira da shi ko kaɗan. Farfaɗiya tana da magani. Kai yaro wurin wanzami a yanka masa ƙasan harshe kuwa ba ya gyara jinkirin fahimta, don matsalar ba a harshe take ba. Yana iya jawo zubar jini da ciwo.

Gaskiya ita ce ba duka yaran ne za su kamo tsaransu ba. Wani zai yi magana sosai, ya shiga makaranta. Dokar kare haƙƙin naƙasassu da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2019 ta ba shi haƙƙin ilmi kamar kowa. Wani kalmominsa ba za su yi yawa ba. Wani da hannu zai riƙa faɗar bukatarsa. Amma yaron da zai iya cewa "ciwo" ya nuna wurin, ko ya faɗi sunan babansa in ya ɓata a kasuwa, ya sami abin da zai tsare shi.

Ci gaban irin wannan yaro a hankali yake, har wanda ke tare da shi kullum ba ya lura. A nan ne karatun da aka koya zai yi rana. A sami ƙaramin littafin rubutu. Duk ranar da yaro ya yi sabon abu, a rubuta kwanan wata, a rubuta abin: "Yau ya nuna kofi." "Yau ta goya totuwa." "Yau ya ce mee." Bayan wata uku a buɗe shafin farko a karanta wa mutanen gida. Ranar zuwa asibiti kuma a tafi da littafin a nuna wa malamin lafiya.